Ba Ni Na Kira Ta Ba

Da jaka muka fara faɗa. Ni na fito da akwatina mai taya, na wanke kula biyu, har na fara tunanin ko ƙaramar tukunyar shinkafa ta lantarki za ta shiga. Ita kuwa ta tsaya a ƙofar ɗaki ta riƙe ƙugu tana kallona. Da Turanci ta yi maganar, don da Hausa take gaishe ni, da Turanci take yi mini musu.

"Umma, ba kai amarya za mu ba. Jaka ɗaya kowa, ta ratayawa a baya. Abin da bai shiga ba, ba ya zuwa."

Na ce, "Ni? Da girmana in goya jaka kamar 'yar firamare? Matan gidan nan su gan ni su ce me?"

Ta ce su ce abin da za su ce. Ta jefo mini wata jaka ruwan toka da ta aro wurin ƙawarta, duk igiyoyi da aljihuna, ban ma san ta ina ake buɗe ta ba.

'Yata ce ta fari, a lokacin ta gama sakandare. Shekarar korona ce, muna zaune a Danau Kota, cikin wani dogon bene da ɗalibai da iyalansu suka cika. Abbansu malamin jami'a ne, karatun dakta ya kawo mu Kuala Lumpur tun tana ƙarama. Gab da ɓullar cutar ya tafi gida tattara bayanan bincikensa, ya ɗauki autarmu ta ga dangi, da niyyar ba za su daɗe ba. Sai aka rufe iyakoki. Su can, mu nan. Ni da ita kaɗai muka rage a gidan, ba fita sai sayen abinci, shi ma mutum ɗaya ke zuwa.

Bari in faɗi abin da ke tsakanina da ita, don wanda bai tashi a irin gidanmu ba zai ce ƙiyayya ce. A wurinmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa, in ya faɗi ma wani ne zai ɗaga shi. Kunya ce, kuma da ita aka raine ni, don ni ma 'yar fari ce. Har Innata ta koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinta ba, kuma ban taɓa kwana ina tambayar kaina ko tana sona ba. Na sani. In ta zuba mana tuwo, a ƙarƙashin malmalata nake tsintar tsokar da ta fi kowace. Sunan kuwa akwai masu kiransa, kakata da gwaggonnina da matan kawunnai, tun safe har in gaji da amsawa.

To, ni na ɗauko kunyar na hau jirgi da ita, amma ban ɗauko kaka da gwaggo ba. Wannan ban gane shi ba sai daga baya. A Danau Kota babu mai kiran yarinyar nan da daɗin baki sai Abbanta, wanda tuni ya watsar da al'adar, ga shi kuma ya tafi. Ni "ke" nake ce mata, ko in ce wa auta, "Kira yayarki." A asibiti ko makaranta in an tambayi sunanta, katinta nake miƙawa. Tsoka kuma ina sa mata a ƙarƙashin shinkafa yadda aka yi mini, sai ta tono ta ta ce, "Umma, nama ya yi yawa," ta mayar tukunya.

Da kulle ya yi nisa, kullum da la'asar sai in kira gida ta bidiyo. In yi ta kiran sunan auta ina lanƙwasa shi, ina yi mata kirari, ina cewa ta buɗe baki in ga giɓinta. Ashe wannan tana kicin tana ji. Wata rana na ajiye waya, ta fito hannunta duk kumfar sabulu.

"Umma, kin ma san sunana kuwa?"

Na yi dariya. "Ji shirme! Wa ya haife ki?"

"To faɗa."

"Ke, je ki ƙarasa wanke-wankenki."

Ta ɗan tsaya, sannan ta koma. Na ji ta buɗe famfo da ƙarfi, alhali kwanukan ba su fi a ƙirga ba.

Na yi mata bayani, kar a ce ban yi ba. Na ba ta labarin Inna da tsoka. Ta saurara tsaf, ta ce ta gane, ba ta ce al'adar ba ta da kyau ba, amma ita da kunnenta take so ta ji. Yaran da suka tashi a can haka suke, komai sai an faɗa musu da baki. Abin ya ba ni haushi wallahi. Ni da nake tashi kafin asuba in dama mata kunu, ni ce kuma za a ce sai na kawo shaida?

Bayan ƙaramar Sallah aka sassauta doka, aka ce ana iya tafiya tsakanin jihohi. A tsakanin nan kuma magana ta tabbata. Tallafin karatun Abbansu ya ƙare, zai ƙarasa rubutunsa daga gida, ni zan koma da zarar an samu jirgi. Ita ta samu gurbi a jami'a a can, za ta zauna. Shi ne ta zo da zancen tsibiri. Ta ce duk shekarun nan ban san komai a ƙasar ba sai kasuwa da masallaci da manyan kantunan Bukit Bintang, ba za ta bari in tafi ban ga teku ba. Baƙi 'yan yawon buɗe ido sun ɗauke ƙafa, ɗakunan katako na bakin ruwa sun zama kamar kyauta. Abbansu ya yi ta dariya a waya, ya ce mu je Allah ya tsare, amma a ɗauko masa hotona da jaka.

Hoton bai samu yadda yake so ba. Na goya jakar, sannan na zura babban hijabina a kanta. Da muka sauko, mai gadin ƙofa ya zagayo bayana yana leƙe, wai zai ga fuskar jaririn. Ita ta yi dariya har sai da ta dafa bango. Ban gaya mata ba cewa a cikin zanina na naɗe yaji da dambun nama da garin kunu, don ba zan je tsakiyar ruwa in mutu da yunwa ba.

A babbar tasha aka ɗora mana na'urar auna zafi a goshi, muka hau bas da takunkumi a fuska. Tafiya ce mai tsawo, gonakin kwakwar manja dama da hagu har ido ya gaji. Can da muka yi nisa, ta cire abin jin waƙa daga kunne ta juyo.

"Umma, abu ɗaya nake so a tafiyar nan. Kafin ki koma gida, ki kira ni da sunana. Sau ɗaya ya isa, ba sai a gaban mutane ba."

Na ce, "Allah ya kai mu."

Ita ta ɗauka alkawari ne, ta mayar da abin kunnenta tana murmushi. Ni kuwa abin da ake faɗa ne in ana so magana ta wuce.

Daga bakin gaɓa kwalekwale mai inji muka hau. Babu addu'ar da na sani da ban karanta ba. Yana tashi sama yana faɗowa, ni ina salati, ita tana ihun murna. Da muka isa babu matakala, sai aka ce mu cire takalmi mu dira cikin ruwa. Nan na gane dalilin hana ni akwati. Tsibirin babu titi, babu mota, yashi ne tun daga ruwa har ƙofar ɗaki, da na zo da akwatin sai dai in ɗauke shi a ka.

Masaukin na wata dattijuwa ce 'yar ƙasar, gajera mai yawan dariya. Kowa Makcik yake ce mata, wato gwaggo a bakinsu. Mijinta Pakcik shi ke da kwalekwale. Ta ba mu bukkar katako mai fanka ɗaya da gidan sauro mai faci, wuta ba ta zuwa sai magariba, banɗaki kuma na kowa da kowa ne a bayan gida. Ina ajiye jaka sai ga wani ƙaton guza ya fito daga ƙarƙashin bukkar yana jan ciki. Na ƙwalla ƙara na haye gado. Makcik ta zo tana share hawayen dariya, ta ce wa yarinyar ta gaya mini ya riga mu kama ɗakin, ba ya taɓa kowa.

Akwai wasu Turawa, samari da 'yan mata, da kulle ya ritsa da su a can aka soke jiragensu. Guzurinsu ya ƙare, sai suke yi wa Makcik aiki a bakin gado da abinci. Wannan yana fenti, waccan tana share yashi, in rana ta yi zafi kowa ya faɗa ragar da aka ɗaura tsakanin bishiyoyin kwakwa ya yi ta lilo har la'asar. Ba takalmi, gashi a cukurkuɗe, riga biyu ake wankewa ana shanyawa a igiya. Da farko raina su na yi. Na ce a raina, 'ya'yan mutane sun zama 'yan tasha. Na sa aka tambayar mini ɗaya daga cikinsu ko uwarta ta san tana nan. Ta ce ƙwarai kuwa, kullum sai sun yi waya. Na ce Allah ya shirya uwar da 'yar.

Amma ban daɗe da wannan ra'ayin ba. Kicin ɗin na haɗaka ne, na ga abin da suke ci, taliya da ruwa-ruwa safe da rana, sai tausayi ya kama ni. Pakcik ya kawo kifi, na gasa na barbaɗa yaji. Suka ci suna hawaye suna hura baki suna miƙo faranti. Tun daga ranar na zama Mama. Na koyi sunayensu duka, masu wuyar faɗa, ina karya harshe ina ƙwala musu kira su zo su ci abinci tun da zafinsa. Yarinyar tawa tana zaune a kan matakalar bukka tana kallo. Ni ban kawo komai a raina ba.

Gaskiya wurin ya shige ni. Ni da ban iya zama hannu rabbana ba, sai ga ni ina barcin rana a cikin raga bayan azahar. Na daina sa safa. Na daina tambayar ƙarfe nawa, sai in ji kiran salla daga ƙauyen masunta in tashi. Da yamma mu je wani ɗan kedai, shagon shayi na katako, mu sha shayin madara mai kumfa muna kallon yara suna tsalle daga kan gada. Babu labarin alƙaluman cuta, don wayar ma sai an hau tudu take kamawa. Yarinyar ta yi baƙi, ta yi kyau, tana iyo da doguwar rigarta ta ruwa kamar a ciki aka haife ta. Na daɗe ban ji dariyarta irin ta kwanakin nan ba.

Wata yamma gishirin teku ya dame mata gashi, ta kawo mataji ta zauna tsakanin ƙafafuna a barandar bukka. Rabon da in yi mata kitso tun tana firamare, wurin wata 'yar Kaduna da ke benenmu take zuwa. Ina tsagawa ina shafa man kwakwa, ta kwantar da kanta a gwiwata. Babu kowa. Sunan ya taso mini har bakin harshe, na ji shi, na ma buɗe baki. Sai ga Makcik ta wuce da bokiti tana yi mana sannu, na haɗiye shi. Na ce a raina gobe ma rana ce, ai muna nan.

Washegari da hantsi Pakcik ya ce zai kai mu wurin da ake ganin kunkurun teku. Ni na ce ba inda za ni, amma yarinyar ta nace, Makcik ma ta ce za ta raka ni mu zauna a jirgi tare. Aka ɗaura mini rigar ceto a kan hijabi, na zauna na ƙanƙame katako. Ita da Turawan suka sa gilashin ruwa da ɗan bututun numfashi, suka faɗa ɗaya bayan ɗaya. Ruwan garau, har ƙasa ake gani. Na ɗan saki jiki, har na tsoma hannu.

Ban san lokacin da ta rabu da sauran ba. Ashe ta ga kunkuru ta bi shi, fuskarta a cikin ruwa, ba ta ɗago ba. A gefen nan akwai wani dutse, bayansa ruwa yana ja da ƙarfi zuwa fili. Pakcik ne ya fara gani, ya miƙe yana faɗa da harshensu, amma ba zai iya tada inji ba, mutane na kewaye da jirgin. Na duba na hango ɗan bututunta yana ƙara nisa, yana ƙara ƙanƙanta. Inna lillahi! Na miƙe tsaye, ni da nake tsoron motsi.

"Ke! Ke!"

Turawa biyu suka ɗago kai suna kallona. Ita ko gezau.

Makcik ta damƙi hannuna tana girgiza ni. Ɗan yaren Malay ɗin da na iya na kasuwa ne, amma na gane abin da take cewa: kira sunanta, kira sunanta, muryarki za ta ji. Na cika ƙirji da iska, na buɗe baki iyakar ƙarfina. Abin da ya fito shi ne, "Ke, yarinyar nan!" Wallahi ban yi niyya ba. Harshen ne ya bi hanyar da ya saba, kamar akuya da magariba.

Makcik ta dube ni sau ɗaya. Sai ta sake ni, ta kewaye bakinta da tafukanta, ta ƙwala sunan. Suna ne na Musulmi, su ma suna da shi, ta faɗe shi daidai yadda ake faɗa a gida, ta ja ƙarshensa. Nan take kan yarinyar ya ɗago. Ta ga nisan da ta yi, ta ga Pakcik yana nuna mata gefen da za ta bi. Sauran suka hau, ya tada inji, muka je muka tare ta.

Ta kamo tsani ta hau tana haki, ta fizge gilashin daga fuskarta. Wannan fuskar, har in mutu ba zan manta ta ba. Ba tsoro ne a cikinta ba ko kaɗan, murna ce, irin ta yaro ranar Sallah. Ta faɗo jikina jagab da ruwa, ta rungume ni a gaban kowa. Da Hausa ta yi maganar, ita da ba ta yi sai gaisuwa.

"Umma, na ji ki! Ina cikin ruwa na ji ki!"

Ga Turawa sun zuba mana ido suna murmushi, ga namiji a jirgin. Ni kuma tsoro in ya kama ni, faɗa yake komawa, haka nake tun ina yarinya. Na ture hannunta.

"Ni? Ba ni ba ce, Makcik ce. Sake ni, kin jiƙa ni! Da kin nutse me zan ce wa Abbanki?"

Makcik ta mintsine ni a cinya. Ba ta jin Hausa, amma ta ji an ambace ta, ta kuma ga fuskar yarinyar. Ashe Makcik ta riga ta juya kai tana kallon ruwa, ta bar mini kiran ya zama nawa. Mintsinin ya zo a makare.

Yarinyar ta sake ni a hankali. Ta dubi Makcik, ta dube ni. Sai ta matsa ta kama hannun dattijuwar ta kai goshinta yadda yaran can suke yi wa manya, ta yi mata godiya da Malay. Ta koma can gaban jirgi ta zauna ta ba mu baya, tana matse ruwan rigarta har muka iso.

Abin da yake ci mini rai har yau, ko ƙarya ba sai na yi ba. Shiru kawai zan yi. Ni da duk rayuwata kawaici aka koya mini, ni da kan haɗiye magana ta shekara a ciki, ranar da shirun zai yi mini amfani ranar bakina ya yi sauri. Kuma in an bi ta al'ada ma ai babu abin da ya karkace, gwaggo ce ta kira, haka ake yi a gidanmu. Sai dai ita ba gwaggo take jira ba, ta kuma gaya mini tun a cikin bas.

Da la'asar Makcik ta kawo mini shayi, ta zauna kusa da ni ta tambaya ko faɗa muka yi da 'yata. Na so in yi mata bayanin ɗan fari da kunya, amma Malay ɗina bai wuce nawa ne, rage mini, ƙunsa mini in tafi da shi ba. Na ce babu faɗa. Ta gyaɗa kai, muka sha shayi.

Babu faɗan kuwa, da ma an yi da ya fi mini. Sauran kwanakin ladabi ta yi ta yi mini. Ta ɗebo mini ruwan alwala, ta kaɗe mini gidan sauro, in na yi magana ta ce to, Umma. Ba ta ƙara kawo mataji ba. Ba ta ƙara jan hannuna zuwa bakin ruwa ba, in za ta sai ta ce za ta je ta dawo. Ni kuma na yi ta gwadawa. In ina banɗaki in faɗi sunan ƙasa-ƙasa, yana fita lafiya lau. Da na fito na ga idonta sai ya maƙale.

Safiyar da za mu tafi tana durƙushe tana ɗaure igiyoyin jaka, na tsaya a kanta na ce yau dai ko me zai faru. Na yi gyaran murya. Ta ɗago.

Na ce, "Kin ɗauko cajar waya?"

Ta dube ni, ta gane sarai abin da na zo yi. Ta yi ɗan murmushi. "Umma, ki bar shi kawai. Maganar da na yi a bas, na janye. Ba sai kin wahalar da kanki ba." Ta miƙe ta ɗora mini jakata a baya, ta gyara mini hijabi a kai.

Muka dawo Kuala Lumpur. Ba a jima ba cutar ta sake tashi, aka sake tsananta doka. Muka shiga sayar da kaya da rabar da na rabarwa, ita ta samu ɗaki a Sri Petaling tare da wasu ɗalibai mata. Kullum muna tare muna naɗe kwanuka a jarida, kullum ina cewa yau, har jirgi ya samu.

Ranar tafiya babu rakiya, an hana. Matan gidan suka sauko suka tsaya nesa-nesa da takunkumi suna yi mini addu'a. Ita ta sa akwatunan a bayan tasi, ta duba fasfona, ta sa mini ƙaramar kwalbar man wanke hannu a jaka. Na zaci za ta rungume ni, har na shirya, na ce wannan karon ko duniya ce ta taru ba zan ture ta ba. Sai ta durƙusa har ƙasa, kanta a sunkuye, yadda nake yi wa Inna.

"Allah ya kiyaye hanya, Umma. A gaida Abba da auta."

Na ce, "Allah ya yi miki albarka." Na shiga mota.

Direba ya ja, muka nufi ƙofar fita. Na waiwaya na gan ta tsaye ita kaɗai a gaban matan, tana ɗaga hannu. Sai na kira ta. Da ƙarfi na kira, da cikakken sunanta, har sau biyu, ban ji wata kunya ba. Gilashin motar a rufe yake, bakina a cikin takunkumi. Ko motsin leɓena ba ta gani ba, idona kawai ta gani, ta ci gaba da ɗaga hannu.

Direban ya dube ni ta madubi, ya tambaya ko mun manta wani abu ne, ya tsaya? Motoci sun jeru a bayanmu, mai gadi ya riga ya ɗaga ƙarfen ƙofa. Na ce a'a, mu je.

Yanzu ta gama karatu, tana aiki a can. Ba ta fasa kirana duk Juma'a, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, duk wanda ya ji yadda take gaishe ni sai ya ce na iya tarbiyya. Bara na daure, na shiga ɗaki na rufe ƙofa na kira ta a waya. Tana ɗauka na faɗi sunan, kafin ma sallama.

Sai na ji muryarta ta canza. "Umma, lafiya? Wa ya rasu?"

Na ce babu kowa, kowa lafiya.

"To me ya faru?"

"Ba komai. Kiranki kawai na yi."

Ta sauke numfashi. "Kin tsorata ni. Ina kan aiki, Umma, zan neme ki anjima."

Ta kuwa neme ni, da bidiyo ma, ta tambayi ciwon gwiwata da jarrabawar auta. Na yi ta kallon fuskarta a wayar ina neman waccan da ta hau jirgin Pakcik da ita, jagab da ruwa. Ban gan ta ba, kuma tun daga ranar nan a teku ban ƙara ganinta ba.